Man Kaɗanyar Hajiya a Cikin Libarba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki mahaifin yarinyar da nake nema na kai shi ya kalli yadda nake harbi ba. Ni na gayyace shi da bakina, ba wanda ya sa ni. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau.

Bari in fara da bindigar. Ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Bronx, kuma tun ina yaro a Fagge nake mutuwar son finafinan kaboyi. Da na samu takardun zama a ƙasar nan, abokaina suka shiga neman mota da gida, ni kuwa na shiga neman lasisin bindiga. Wanda ya san New York ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. An ɗauki hoton yatsuna, an nemi shaidu, an yi mini tambayoyin da ko mahaifiyata ba ta taɓa yi mini ba, sannan aka bar ni ina jira har na fara mantawa da na nema. Da lasisin ya fito, sai na sayi libarba irin ta kaboyin nan, amma 'yar ƙarama, wadda ake kira mai lamba ashirin da biyu. Harsashinta bai wuce kan ƙaramin yatsa ba, ƙararta kuma ba ta fi ta fashewar balan-balan da yawa ba.

Irin wannan bindigar ba ta gaggawa, shi ya sa nake son ta. Akwai wata 'yar guduma a ƙeyarta, sai ka sa babban yatsa ka ja ta baya ta yi ƙas, sannan ka danna kunama, gudumar ta faɗa kan harsashi. In kana son ƙara harbi, sai ka sake ja. Duk ranar Asabar nakan kulle ta a akwatinta, harsashi a wani akwatin daban kamar yadda doka ta ce, in tafi wani wurin koyon harbi a Staten Island in huda takarda. Ban ƙware ba, amma takan san na zo.

Matsalata ita ce ba na iya barin abu yadda na same shi. Na cire mariƙin da ta zo da shi na sa na itace mai duhu. Na auna ta da zare na tura wa wani baduku a Kano, ya ɗinka mata kube na jar fata mai tuntaye kore da rawaya, irin na takobi (wani ɗan'uwanmu ne ya taho da shi cikin kayan yaji, har yanzu in ka shinshina sai ka yi atishawa). Sannan na kai mariƙin aka zana mini rubutu a jiki: Jikan Sarkin Baka. Gaskiya ne kakana na wajen uwa ya riƙe wannan sarautar ta maharba a ƙauyensu. Ni dai ko ɓera ban taɓa kashewa ba, amma ban ga dalilin da zai sa a rubuta wannan a jikin mariƙi ba.

To, ana cikin haka na haɗu da Memuna. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitinmu, iyayenta Hausawan Zangon Kumasi ne, suna da kantin kayan gida a Morris Heights. Mahaifiyarta, Hajiya, ta karɓe ni hannu biyu tun ranar farko. Mahaifinta, Alhaji Issifu, dogo ne mara yawan magana, in ya kalle ka sai ka fara tuno laifukanka. Komai yana tafiya daidai har ranar da ya ji ina da bindiga a gida. Daga nan ya daina cewa komai a kan maganar turo manya. Memuna ta same ni a wurin cin abinci na asibiti, idonta ya yi ja, ta ce, “Baba ya ce ba zai kai 'yarsa ɗakin da bindiga ke kwana ba, sai ya san wane irin mutum ne mai ita.”

Mai hankali zai ce to, a sayar da bindigar a huta. Ni kuwa sai na ji dama ce ta samu. Na je kanti na durƙusa na ce, “Baba, in ba damuwa, ina so ka zo ranar Asabar ka gani da idonka.” Ya kalle ni sama da ƙasa, sannan ya ce, “To.”

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani kafin mu kai ga Asabar. Ƙafata ba ta shiri da sanyin garin nan. Da hunturu ya shigo sai dugadugaina su yi faso, har safa takan maƙale. Wata rana na cire takalmi a ƙofar falonsu, safar ta zame, Hajiya ta gani. Da zan tafi ta miƙo mini wata roba cike da man kaɗanya. Ba irin na kanti ba ne. Daga arewacin Ghana ake aiko mata da shi, ita kuma ta haɗa shi da kanumfari da wani turare da ba ta gaya wa kowa sunansa, kuma 'yan gida kaɗai take ba wa. Memuna ta ce ko ƙanin Alhaji ya roƙa bai samu ba. Hajiya ta ce, “Safe da dare, ka ji? Kar ka zo mini gida da ƙafa kamar bayan kada.” Na yi godiya, na kai robar gida na ɗora a kan hitar ɗumama ɗaki, na manta da ita.

Ranar Juma'a da na dawo daga masallaci na baje bindigar a tebur zan goge ta. Na ɗauko 'yar kwalbar man da ake sayarwa don wannan aikin, na shinshina, na ji warin gareji. Sai idona ya faɗa kan robar Hajiya. Wanda ya zauna a tsofaffin gidajen Bronx ya san hitarsu, ba ta da tsaka-tsaki, ana dusar ƙanƙara a waje kai kana gumi da singileti. Man nan ya narke ya zama ruwa, yana ƙyalli kamar man gyaɗa. Nan take na tuno kakana zaune a zaure, bindigarsa harba-ruga a kan cinya, yana shafa mata man kaɗe da tsumma. Na ce ashe ilimin yana gidanmu, nake ta bin na Turawa.

Ban shafa ba, ɗurawa na yi. Na sa a gindin gudumar, na sa a gidan harsashi mai juyawa, na sa a kunama, duk wata kafa da na gani sai da na ba ta rabonta. Na ja gudumar baya, ta tafi sumul ba ko ƙara. Wallahi bindigar nan ba ta taɓa yin laushi irin na ranar ba. Ɗakin ya cika da ƙamshi. Na tsaya gaban madubi da kubena mai tuntaye ina jinjina wa kaina, har na yi wa kakana addu'a.

Da safe na je ɗaukar Alhaji. Sanyin ranar irin wanda ke sa haƙori ciwo ne. Na tarar ba shi kaɗai zai je ba (dattijon Zango ba ya zuwa ganin surukin gobe ba tare da shaida ba). Ya taho da amininsa Malam Seidu, direban tasi, mutumin da in ya ji labari da safe a Bronx, kafin la'asar an ji shi can unguwar Jamaica. Hajiya ta leƙo daga ƙofa ta ce, “Ɗana, kana shafa man nan kuwa?”

Na ce, “Sosai ma, Mma. Har ya kusa ƙarewa.”

Rabin maganar gaskiya ce, kuma da wannan rabin na lallashi zuciyata.

Akwatin bindiga yana but ɗin mota, inda ba hita. Daga Bronx zuwa Staten Island kuwa tafiya ce, sai ka ratsa Brooklyn, ga cunkoso a kan gada saboda ƙanƙarar da ta zuba. Alhaji yana gaba yana jan carbi. Malam Seidu yana baya yana zuga ni, ni kuma ina hawa. Ya ce, “Ei, ashe jinin maharba ne kai!” Na ce ai kakana ba ya harbi biyu. Na ba su labarin ɓaunar da ya kashe. Da muka hau gada ɓaunar ta zama biyu, kafin mu sauka har da zaki a gefe yana kallo. Daga wajen Alhaji kuwa, carbinsa kawai nake ji.

A wurin harbin, wanda ba shi da lasisi ba ya ko taɓa bindiga, saboda haka aka zaunar da su a ɗakin gaba, bayan wani babban gilashi, inda za su riƙa ganina sarai. Mai kula da wurin wata dattijuwar Baturiya ce mai gajeren farin gashi, ta san ni, takan kira ni Kaboyi saboda kubena. Na shiga layina, na toshe kunne, na rataya takarda, na tura ta nesa fiye da yadda na saba, don a san jikan wa ke tsaye. Wajen zuba harsashi na ji gidan yana ɗan tauri, na ce sanyi ne ya kama mini yatsu. Na waiwaya na yi wa gilashi murmushi. Malam Seidu ya ɗaga mini babban yatsa.

Na sa nawa babban yatsan a kan gudumar na ja. Ta ƙi.

Na ƙara ƙarfi. Ta motsa kaɗan, kamar ƙofar da ta sha damina. Sai da na haɗa da yatsan ɗaya hannun, ina cije leɓe, sannan ta tafi baya da ƙyar. Gumi ya fara tsattsafo mini a cikin wannan sanyin. Na daidaita tsayuwa, na rufe ido ɗaya, na auna tsakiyar takarda, na danna kunama.

Jama'a, gudumar da ya kamata ta faɗi kamar walƙiya, sai ta sauko a hankali, a natse, kamar tsoho zai zauna a tabarma. Ta isa kan harsashin ta taɓa shi, ta yi masa sallama. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba komai.

An koya mana in harsashi ya ƙi tashi kada ka juya, kada ka leƙa bakin bindiga, ka bar ta tana kallon gaba ka jira. Na jira. A layin da ke kusa da ni wata mata mai abin toshe kunne ruwan hoda tana ta zuba wuta, takardarta ta zama rariya. Na sake kokawa da gudumar, na sake dannawa. Wannan karon ma ba ta ƙarasa sauka ba, ta tsaya a hanya tana tunani. Ina jin idon Alhaji a ƙeyata kamar an ɗora mini garwashi. Zuciyata ta ce in jijjiga ta, in buga ta da tebur, in yi wani abu dai na maza. Amma tsoron dattijuwar nan ya fi ƙarfin zuciyata. Na bar bakin bindigar yana kallon takarda, na ɗaga hannu ɗaya sama kamar ɗan firamare mai jin fitsari.

Ta zo, ta karɓa, ta zazzage harsasan da ƙyar. Kowanne ya fito sanye da farar riga. Ta kankaro wani abu fari daga gindin gudumar da farcenta, ta ɗaga shi a fitila, ta ce da Turanci, “Kaboyi, mene ne wannan? Kyandir ka narka a ciki?”

A lokacin ne na tuna abin da kowace yarinya a Kano ta sani: man kaɗe in ya ji sanyi, dutse yake zama.

Na so a ce ta yi mini faɗa a nan cikin layi, inda ƙarar harbi za ta rufa mini asiri. Ina! Ta tabbatar ba harsashi a ciki, ta ɗauki bindigar a kan faranti ta fita da ita ɗakin gaba, ta ajiye gaban wata 'yar hita da ke kan teburin karɓar baƙi, dab da inda Alhaji ke zaune. Na biyo ta ina jan ƙafa, tuntayen kubena suna lilo. Muka tsaya mu huɗu muna kallon bindiga tana gumi. Can sai ta fara ɗiga. Ɗis. Ɗis. Man ya gangaro ta kan rubutun Jikan Sarkin Baka ya taru a faranti. Sannan ƙamshin ya tashi, kanumfari da turaren nan da babu mai irinsa a duk faɗin New York sai mace ɗaya.

Na ga hancin Alhaji ya motsa. Carbin ya tsaya.

Malam Seidu ya sunkuya ya shinshina, ya miƙe ya dafe kai. “Ei! Nkuto! Alhaji, wannan ba man Hajiya ba ne?” (Nkuto shi ne man kaɗe da yaren Asante, in abin mamaki ya kama su da shi suke fara magana.)

Dattijuwar ta ce tana buƙatar sanin ko mene ne, don ta san da abin da za a wanke. Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Zan iya cewa wani aboki ne ya ba ni, ko kamfanin ne suka sayar mini da jabu. Amma ƙamshin ya riga ya ba da shaida, kuma na gaji. Na ce man shafawa ne, surukata ta ba ni don ƙafata, ni kuma na ɗura a bindiga saboda na ga kakana yana yi. Na faɗa da Turanci, sannan Alhaji ya ce, “Faɗa da Hausa,” na sake faɗa da Hausa. Ya fi ciwo da Hausa.

Matar nan ta yi dariya har ta dafa teburin. Ta ce ta ga masu sa man girki, ta ga masu sa man mota, amma ni ne na farko da ya kawo mata bindiga mai ƙamshin amarya. Ta lakaci wanda ya rage a gefen mariƙin ta murza a bayan hannunta, ta tsaya, ta sake murzawa, ta ce a ina ake samunsa. Malam Seidu ya fara yi mata kwatancen kanti tun daga tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige, har da kuben.

A mota Malam Seidu yana ta danna waya yana shaƙewa da dariya, na san labari ya riga mu haye gada. Ni kuwa Memuna nake tunani. Na ce shi ke nan, na rasa ta, kuma ba don wani babban dalili ba, don wauta. Idona ya ciko, na yi kamar hasken ƙanƙara ne ya dame ni.

Azahar ta same mu a Stapleton, muka tsaya a wani ɗan masallaci na mutanenmu. Wajen alwala ba yadda zan yi, dole na cire safa. Alhaji yana kusa da ni a kan benci. Ya kalli dugadugaina, fason nan ya yi rami-rami, ko ɗigon mai bai taɓa gani ba. Ya kalle su ya kalle ni.

“Har ya kusa ƙarewa,” ya ce a hankali.

Na sunkuyar da kai.

Bayan mun idar, ya riƙe ni a bakin ƙofa, ya bar Malam Seidu ya yi gaba. Da irin Hausarsu ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, “A Kumasi na taɓa wanke gawan maƙwabcina. Ɗan'uwanshi ya harbe shi a kan maganan banza. Shi mai harbin, mutumin kirki ne, amma in abu ya ƙi shi, hankalinshi na tafiya. Ni ban zo duba ko ka iya harbi ba, wannan bai dame ni ba. Na zo in ga yaya kake yi in abu ya ƙi ka a gaban mutane.” Ya gyara hularsa. “Bindiga ya kunyata ka. Ba ka zage shi ba, ba ka buga shi ba, ba ka juyo da shi wajenmu ba. Ka ɗaga hannu ka nemi taimako. Wauta kam kana da shi, Allah ya ba ka da yawa. Amma wauta Memuna zai iya zama da shi. Turo manyanka.”

Na durƙusa a kan ƙanƙara ina godiya, hawaye na zuba, ban ma damu da wa ke kallo ba. Sai ya ƙara da cewa, “Hajiya kuwa, kai za ka gaya mishi da bakinka. Ni ba ruwana.”

Wannan zaman da Hajiya ba zan ba da labarinsa ba, akwai abin da mutum ke barin wa kansa. Abin da zan faɗa shi ne na kira mahaifiyata a Kano ina neman wanda zai tausaya mini. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Kai, a jikin itacen yake shafawa don kada ya tsage, wa ya ce maka a cikin ƙarfen? Kuma wace ɓauna? Sarautar nan gadonta ya yi, shi tela ne. Bindigar tun kafin a haife ni ba ta tashi. In 'yan tauri da maharba suka fito wasa, kakanka ɗaki yake shiga ya toshe kunne.”

Wato dai na gaje shi fiye da yadda na zata.

An wanke bindigar, tana tashi lafiya, tana kulle a akwatinta, mabuɗin kuma Memuna ta san inda yake. Ban goge rubutun mariƙin ba, tunda ba ƙarya ba ne. A Morris Heights kuwa ba mai kirana da sunana, daga masallaci har kanti Ango Mai Nkuto nake, har 'yata ta taɓa tambayata ko sunan kakanmu ne. Abin da na koya shi ne, kafin ka kwaikwayi kakanka, ka tambayi wanda ya san shi a ina daidai yake shafawa. In kuma surukarka ta ba ka abu ta ce na ƙafa ne, to na ƙafa ne. Har yau in na je gaishe da Hajiya ba ta fara kallon fuskata. Sai na cire safa a bakin ƙofa, ta duba, sannan ta amsa sallama.